Tudun da Motocinku Suka Tsaga

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar masu fita shan iska bakin gulbi, Gaya.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya da iyali. Ni ne manomin shinkafar nan da ya tare motarka a hanyar Tunuga, ka sauke gilashi rabi, ka ce mini rairayi na Allah ne, ka ɗage gilashinka. Tunda kunnenka bai samu sarari ba ranar, ga magana a bainar jama'a.

Na ɗaya. Tudun rairayin da kuke hawa shi ne ya raba gonata da gulbi. Ciyawar jemar da ke kansa ba da kanta ta fito ba. Mahaifina ya dasa ta, ni na ci gaba, don saiwarta ta riƙe yashin. Akwai turba ta gefe wadda masunta da mata masu wanki ke bi tun kafin a haife ka. Ku kuwa kun fi ƙarfin turba. Duk Lahadin rani sai ku haura ta tsakiya, wasu a ƙafa, samarinku a kan moto, wato babur, suna wasa da taya, har jemar ta mutu, wurin ya zama kwari.

Na biyu. Tsuntsayen ruwa suna ƙwai a kan yashin nan. Da idona na ga ɗaya daga cikin mutanenka ya jera ƙwan a tafin hannu ana ɗaukarsa foto, ya gama ya watsar. Sanye yake da rigar ƙungiyarku mai rubutun kare muhalli. Ledojin da kuka bari kuwa, akuyar maƙwabcina ta ci, ta kumbura ta mutu.

Na uku, kuma shi ya sa na rubuto. Da ruwa ya cika bana, bai nemi wata ƙofa ba, ta kwarin da kuka tsaga ya shigo. Shinkafata ta fara fitar da kai. Ni da matata muka tsaya cikin ruwa har ƙugu muna cusa buhunan ƙasa, ruwan yana kwashe su a gabanmu. Ko damin iri ban ɗauka ba. Da na aika maka, sai aka ce kana garin Malanbil, ƙetaren gulbi, wajen taro kan tsabtar gulbi. Madalla da taro.

Alhaji, ba sadaka nake nema ba. Ku bi turbar da kowa ke bi. Ku bar motocinku a bakin hanya. Ku kwashe shararku. In da kunya, ku zo mu sake dasa jemar kafin ruwa ya dawo. Ku taho da fartanya, ku bar masu foto a gida.

Allah ya ƙara maka arziki da lafiya, ya kuma nuna maka inda ƙafarka ke sauka.

Wassalam.

Manomin shinkafa, bakin gulbi, ƙasar Gaya.