Babur Ɗina Yana Godomey, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, wadda ke kwance inda ɗan aike ba ya zuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, bari in fara da abin da kika sani, don masu leƙen takardar nan su ma su ji. Da dakon buhu a tashar jirgin ruwa na biya wa kaina lakwal, wato makaranta, har kolej. Ni na kafa teburin batir da tocila a Zongo, ni na mayar da shi shago. Kwanon ɗakinki ni na buga. Ba kawu, ba maigida. Babur kuwa sabo fil na saye shi. Kika fito kika shafa tankin, kika ce, "Alhassan, ka riƙa tafiya a hankali, ba ni da wani."

Ni kaɗai a layinmu na yi wa babur asuransi babba, wato inshora wadda ta haɗa da gyara. Dattawan ƙofar masallaci suka ce ina jayayya da ƙaddara. Dariya na yi. Ai na yi karatu.

Watan jiya ina dawowa daga unguwar Placodji da kwalin batir a baya, motar kaya ta kwashe ni. Ni dai ƙujewa ce, amma gaban babur ya nannaɗe. Direban ya sauko, sai na ga Sani ne, ɗan Hajiya Ladi. Hajiya Ladin da ta yi miki wanka, Inna, ta naɗe ki a likkafani, ta ƙi karɓar ko goro. Takardun motarsa sun mutu. Da 'yan sanda sun iso, da a kulle zai kwana.

Na janye babur daga titi da hannuna, na ce a gaban jama'a, "Na yafe. Tafi abinka, ina da asuransi."

A ofishin kamfanin asuransi ma'aikacin ya kira ni kamarad, wato aboki, har kujera ya ba ni. Ya nemi konsta, wato awon da 'yan sanda ke yi kafin a taɓa komai. Na ce mun yi sulhu. Ya ce kamfani bai san sulhu ba, tunda babu wani mai laifi a takarda, ni ne mai laifin. Sai ya zo kan faranshis: kason farko na gyara daga aljihuna zai fita. Sauran kuma da tsohon farashi za su lissafa, na kafin a rufe iyakar Najeriya kayan gyara su yi fiffike. Abin da zai rage ko fitilar gaba ba zai saya ba.

Yanzu babur yana unguwar Godomey wajen Kofi makanike, ruwan sama na dukansa. Masu sayen kayana na unguwar Avotrou sun koma wajen wani, don ba mai kai musu. Kofi ya ce in Sallah ta wuce ban kawo kuɗin gyara ba zai fara kwance shi. Amma tun jiya na ga madubina a jikin babur ɗin wani.

An ce in koma wajen Sani ya biya gyaran. Ta yaya, Inna? Ke kika ce mutum ba ya yafewa da safe ya zo karɓa da yamma. Hajiya Ladi ta aiko mini da tuwo. Na ci, na mayar da kwanon da godiya.

Yara yanzu "Mai Asuransi" suke kira na, dattawan nan kuma murmushi kawai suke yi in na wuce a ƙasa. Ban ga mafita ba, Innata. Da kina nan, da na zo na zauna bakin tabarmarki.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa ban kunyata ki ba.

Ku kuma masu karantawa, in shagon ya rufe kuka zo ba da labarina, kada ku rubuta Mai Asuransi. Ku rubuta sunana daidai.

Ɗanki,
Alhassan na Hajara, wanda ya sayi babur da guminsa.