Ni Na Tura Mijin Ƙanwata Ɗakin Inji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka rufa min asiri, kada ka sa sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina.

Ina aiki a Abhur, bakin teku a nan ƙasar Larabawa, a wani jirgin ruwa da ke fita da masu hali kamun kifi. Daga sama jirgin fari tas, kujeru masu laushi, amma injin dizal ɗin da ke ƙasa ya girmi babbar 'yata. Bututun hayaƙi ya tsage tun kafin in zo, fankar da ke fitar da iska ta mutu, kuma dole wani ya zauna a ɗakin injin duk tsawon tafiya saboda yana yawan ɗaukar zafi. Shekara huɗu ni nake zama. Hayaƙin da ido ke gani da sauƙi, akwai wata baƙar ƙura mai laushi kamar kwalli, ka shafa bango ta biyo hannunka, ka yi kaki ka gan ta a ciki. Na yi wa rayyis, wato shugaban jirgin, magana har bakina ya gaji, kullum amsarsa in sha madara, wai tana wanke ƙirji. Kafili kuwa, wato mai jirgin da nake zaune a ƙasar a ƙarƙashinsa, cewa ya yi tunda inji yana tashi, halas, shi ke nan, me za a gyara. Mutumin da ke canza mota duk shekara ke nan fa.

Da ƙirjina ya fara fito likita ya ce in bar wurin. Rayyis ya ce zai mayar da ni sama wajen igiya da hidimar baƙi, amma sai na kawo wanda zai sauka ƙasa, haka ake yi. A lokacin mijin ƙanwata, bari in kira shi Habu, yana zaune a unguwar Sa'alaba wata biyar ba aiki, ga yara uku. Wallahi ban neme shi ba, shi ya same ni ya ce Yaya ko shara ce zan yi. Na ce masa akwai zafi, ban ce komai a kan ƙurar ba. Ƙanwata har da kuka, ta kira gida ta gaya wa mahaifiyarmu na rufa musu asiri, tsohuwa ta yi ta sa min albarka ina cewa amin.

Yau shekara ɗaya da rabi yana ɗakin injin. Tarin da na yi shi yake yi, in an kashe inji ina jiyo shi a ƙarƙashin ƙafata ina zuba wa baƙi shayi. Kuma da bakina na ce ya riƙa shan madara, na san ƙarya ce.

Satin da ya wuce ya je asibiti aka yi masa hoton ƙirji. Bai gane bayanin likitan ba, Larabcinsa na cefane ne, sai ya kawo min takardar muka haɗu a Bab Makka. An rubuta ya nisanci hayaƙi da ƙura nan take, ya ga likitan huhu. Na karanta sau biyu, na ce masa mura ce ta sauka a ƙirji. Ya ce alhamdulillah, har ya saya min shayi.

Washegari na je wajen rayyis muka yi ta kaca-kaca. Ya ce jirgi ba ya fita ba mutum a ƙasa, in Habu ya bari ni zan koma, in na ƙi kafili ya soke iƙamata, wato takardar zamana, a tattara ni da iyalina gida. Ya ce in na ga dama in kawo wani. Wa zan kawo, ɗan wa kuma?

Na tsani injin nan, na tsani mai shi, na fi tsanar kaina. Takardar tana aljihuna, na ce wa Habu zan ajiye masa kada yara su yaga. Asabar akwai fita, ɗayanmu zai sauka tsanin nan. 'Yan uwa, tsakaninku da Allah, ni ko shi?