Muryarka da Na Aro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Bukar, ɗan marigayi Malam Garba mai wankin hula, unguwar Mafoni. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan wasiƙa ta same ka da rai da lafiya a duk ƙasar da Allah Ya ajiye ka. In ka tambaye mu, muna nan, mun gode Allah. Ƙaninka ne Tasi'u. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san karatuna na allo ne, bokon a waya na tsince shi. Na sa ta a fili inda kowa zai gani ne saboda lambarka ta daina shiga tun da faɗa ya ɓarke a Khartum, ko Allah zai sa wani ya san wanda ya gan ka.

Zan fara da laifina, tunda ka saba.

Ka tuna ranar da ka je zance gidan su Yagana, ka sha babbar riga, na laɓe a bayan katanga na yi muryar Baba? "Bukar! Hulunan mutane na jiƙe kana nan?" Ka tashi a guje ka bar takalmi ɗaya a zauren mutane. Da ka iso ka tarar Baba yana barcinsa na la'asar. Ba ka dake ni ba. Kunnena ka kama, ka ce, "Tasi'u, bakin nan naka wata rana sai ya kai ka inda ƙafarka ba za ta iya dawo da kai ba." Na yi ta dariya. To, Yaya, ya kai ni.

Da ka tafi Sudan ɗinki, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci kana kiran Inna. Kafin ka yi magana sai ka yi gyaran murya sau biyu, sannan ka ce "Hajiyata", alhali ko filin jirgi ba ta taɓa gani ba, wai kai za ka kai ta. Da wayarka ta yi shiru, sai ta riƙa shimfiɗa tabarma tun hantsi, ta ɗora ƙaramar wayarta a cinya. Idonta ya ƙara rufewa bayan tafiyarka, yanzu haske kawai take bambancewa da duhu. Juma'a ta farko ta ce layi ne. Ta biyu sai magariba ta naɗe tabarmar. Ta uku na dawo na tarar tuwon jiya yana nan a rufe yadda na bar shi.

Sai na sayi sabon layi. Na je bayan masallacin unguwa, na ɗora wata tsohuwar hula a bakin wayar don muryar ta yi nisa, na yi gyaran murya sau biyu, na ce, "Hajiyata."

Sannan ta ce, "Bukar, ka ci abinci?"

Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Na ce Juma'a ɗaya zan yi, kafin ka kira da kanka. Yau an fi shekara. Ka yafe min, na gina maka rayuwa guda a can ba da saninka ba. Na ba ka shago mai ƙofa shuɗiya. Na ba ka maƙwabci Usman mai jaki mai taurin kai. Na sa maka mura sau biyu, na warkar da kai. Kuma tunda ni ne kai, na ɗan gyara abin da ke tsakaninmu. Na ce mata, "Hajiyata, a riƙa sa wa Tasi'u nama biyu, yaron kirki ne." Ta ce, "Ikon Allah. Sudan ta canza ka, Bukar." Amma ta sa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto.

Gari ya rikice. Abinci ya fi ƙarfin mutane, matasa suka fito zanga-zanga. Wallahi kallo na je. Na rufe rumfa, na bar huluna a kan katako suna shan iska, na bi bayan jama'a. Ana tafe ana ihu, rana ta yi zafi, fuskoki duk a murtuke. Ka san ni da wurin da babu dariya. Na ga wani keke mai ƙafa uku a tsaye, na haye samansa, na tura ciki gaba, na yi muryar wani babba da muke ji a rediyo yana cewa a ƙara haƙuri. Har numfashinsa na mai ƙoshi na yi. Mutane suka dinga faɗuwa da dariya, wata tsohuwa ta riƙe cikinta tana yi min addu'a da Kanuri. Ban lura da wayoyin da aka ɗaga sama ba.

Ban sauko ba aka harbo barkonon tsohuwa. Daga nan sai ƙarar bindiga. Ban san yadda na iso Mafoni ba, na dai ga kaina a zaure ina wanke ido, ƙafata ɗaya ba takalmi. Na tuna da kai a wannan lokacin, ka ga hakkinka.

Kafin la'asar hoton ya zaga gari. Fuskata ce tar, har haƙorina mai giɓi. Washegari aka sa dokar hana fita, aka fara bin gidaje ana kwasar matasa. Biyu daga cikin waɗanda suka tsaya kusa da keken an tafi da su, iyayensu har yanzu ba su san inda suke ba. Wasu mutane da ba a sani ba sun zo layin rumfarmu suna tambayar ina mai barkwancin nan. Dattijon nan Ba Modu, aminin Baba, wanda ke kai huluna Njamena, ya ce musu bai san ni ba. Mutumin da ya yanka ragon sunana.

Shi ne ya leƙo ta katanga ya ce in haɗa kaya. Ya ce da an sassauta doka motarsa za ta bi hanyar Gamboru, ran Laraba in Allah Ya so. Akwai rumfar wankin hula a can da ke neman hannu. Ya ce in zauna har ƙura ta lafa, kuma daga Njamena ana samun masu zuwa gabas, wajen Abeshe, inda waɗanda suka gudo daga Sudan suke. Wataƙila in ji labarinka. Bai ce zan gan ka ba, wataƙila ya ce.

In na tafi, wa zai hura mata wuta? Wa zai riƙe hannunta zuwa asibitin ido? 'Yar'uwarmu Hadiza tana Konduga da goyo, mijinta ba shi da ɗakin da zai ƙara mutum, kuma Inna ta ce ba ta barin ɗakin da Baba ya rasu a ciki. Ya Falmata maƙwabciyarmu ta ce za ta riƙa leƙowa, Allah Ya saka mata, amma ita ma da sanda take tafiya. In kuma na zauna, duk sallamar da aka yi a ƙofa sai in ga Inna ta daina jan carbi. In suka tafi da ni a gabanta, ba zan ma samu wayar da zan yi mata ƙarya ba.

Na yi istihara. Na rubuta abin da na sani a allo na wanke na sha. Na kwanta na tashi, zuciyata tana nan a tsakiya kamar yadda na bar ta.

Sai Juma'a ta zo, doka na nan daram, ko zaure ba a leƙawa. A gida na yi azahar. Inna ta shimfiɗa tabarmarta, ta ɗora waya a cinya. Ni kuwa ina ta zagaye tsakar gida, wayata a aljihu kamar garwashi. Gidanmu ka san shi, in ka yi atishawa a banɗaki an ji ka a zaure. Na ɗauki buta na ajiye. Na share inda na riga na share.

Sai ta ce, "Tasi'u, ka ishe ni da jan ƙafa. Shiga ɗakin yayanka ka ja ƙofa. Can ba na ji sosai."

Na tsaya kamar an dasa ni. Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar farko. Ladanin Khartum ma tari yake yi irin na Malam Goni na masallacinmu? Kuma Bukar bai taɓa ce maka yaron kirki ba. Je ka, lokaci na wucewa."

Yaya, na shiga. Ɗakinka na nan yadda ka bari, keken ɗinkinka a rufe da zane. Na ja ƙofa, na zauna a bakin gadonka, na yi gyaran murya sau biyu. Na ji wayarta tana ƙara a tsakar gida, taku goma daga inda nake. Na ce, "Hajiyata." Ta ce, "Bukar, ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta tambayi Usman da jakinsa, na ce suna gaishe ta.

Sannan ta ce, "Bukar, ƙaninka ya jawo magana da bakin nan nasa. An ce ya bar gari. Kai ne babba, me ka ce?"

Na san yadda kake tari. Na san yadda kake jan "to, madalla" kamar kana auna yadi. Na san inda kake tsayawa ka haɗiye yawu. Amma abin da za ka ce ban sani ba. Shekara guda ina sa maka magana a baki, ranar da na buƙaci taka ta gaskiya sai na tarar babu komai a wurina sai muryar. Na riƙe wayar ina numfashi, ita ma tana numfashi, har na kashe.

Da na fito ba ta juyo ba. Ta ce, "Ban hana ka ba. In ka tafi, za ka kira ni da muryarsa daga can, na sani. Amma in taka wayar ta yi shiru, wa zai yi min muryarka?"



Tun ranar ba ta sake ta da zancen ba. Jiya da safe ta lalubo kayana ɗaya bayan ɗaya, ta ninke, ta zuba a jakar Baba, har da allona da ƙullin kuka. Ta zuge jakar. Sannan ta ja ta kan tabarma ta zauna a kai. Yanzu haka da nake rubutun nan a kai take, tana jan carbi. Ban san wanne zan bi ba, hannun da ya haɗa jakar ko wadda ke zaune a kanta.

Yau Litinin. Ba Modu ya aiko cewa an ce gobe za a sassauta doka.

Ku da kuke karantawa, in akwai wanda ke Chadi ko Sudan, ko yake da wani a can: dogo ne, baƙi, yana da tabon guga a bayan hannun hagu, tela ne, ba ya magana sai ya yi gyaran murya sau biyu. Ku ce masa lambar Inna ba ta canza ba.

Yaya, in kana raye ka kira. Ba sai Juma'a ba. Ka zage ni, ka ce na ɓata maka suna da jaki, na yarda. Ka dai ce min tafi, ko ka ce zauna. Na gaji da zama mu biyu ni kaɗai.

Allah Ya tsare ka inda kake. In kana cikin ƙunci Ya buɗa maka hanya, in kuma ka riga mu, Ya haskaka makwancinka Ya haɗa ka da Baba. Allah Ya sako 'ya'yan mutane da aka kwashe, Ya kwantar da garinmu. Allah Ya zaɓa min, don ni na kasa. Kada Ya sa Inna ta zauna da waya a cinya tana jiran mutum biyu. Amin.

Ƙaninka da bai ji maganarka ba,
Tasi'u