Hayaƙi a Ɗakin Rahmatu

Kambarawa, Katsina.

Zuwa ga Yaya Usaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Legas? Inna na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Jaririyarka lafiya lau, an sa mata Sumayya kamar yadda ka ce.

Takarda na rubuto don in na kira ka a waya zan ɗaga maka murya, kai kuwa babba ne.

Yau kwanan matarka Rahmatu uku a asibiti. Tun ranar da ta haihu Gwaggo Dije ta ɗauke abin shaƙarta na asma ta kulle a akwati, wai yana ɓata nono. Ga hayaƙin icen wankan jego safe da yamma a ƙofar ɗakinta. Ranar suna kuma aka jera kaskon turaren wuta uku, aka saki labule.

Da la'asar na shiga na tarar da ita dafe da bakin gado, ƙirjinta na kuka, ta kasa ko kiran sunana. Ɗakin cike da mata. Wata ta ce son jiki ne, wata ta ce iska ce ta taɓa ta. Yaya, garwashi suka ƙaro, suka zuba hayaƙin aljanu, suka lulluɓe ta da zane a kansa. Da ƙafa na ture kaskon, na jawo ta waje na tare napep. Likita ya ce da mun ƙara rabin awa, da gawa muka kai masa.

Jiya Gwaggo ta zo dubiya da kwanon fura. Ta ja ni gefe, wai mu ce wa mutane zazzaɓi ne, kada a ji akwai asma a gidan, Sumayya ta rasa miji. Jaririyar kwana goma! Ta ce kai ma haka ka faɗa mata a waya. Ban yarda ba sai da Rahmatu ta gaya mini shekara huɗu a banɗaki take shaƙar maganinta, don ka hana ta fito da shi gaban mutane.

Wallahi gidanmu ya fita raina, har da ni kaina, don a gabana aka kulle akwatin nan na yi shiru.

Gobe za a sallame ta. Gidan iyayenta a Gobarau zan kai ta, ita da jaririyar. Duk wanda ya tambaye ni ciwonta, asma nake ce masa. In ka dawo can za ka same su, ka yi wa mahaifinta bayani da bakinka.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Baraka.