Abin da na tarar a cikin rediyon Baba

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Ni kuma ina nan a kantin magani kamar kullum.

Yaya, wata magana ce ta sa na ɗauki biro, sau uku ina farawa ina yagewa. Kin san halina na buɗe kayan lantarki ranar hutu don in gano yadda aka haɗa su, abin da kike ce wa ɓarnata. Bayan rasuwar Baba, Mama ta ba ni tsohon rediyonsa, wannan mai murfin katako da ba ya bari kowa ya taɓa. Na kwance shi a kan teburin ɗakina, ina bin siraran hanyoyin tagulla da madubin ƙara girma, ina zana su a takarda. Komai ya tafi daidai, sai a ƙasa na ci karo da wani ƙaramin allo wanda ba na kamfani ba ne. Ɗaurin dalmar na hannun Baba ne, na san shi tun yana aikin gyaran layukan tarho. A kan allon akwai wata 'yar baƙar ƙwaƙwalwar lantarki mai ƙafafu ashirin da takwas, an kankare lambarta.

Mako shida na yi ina fama da ita. Ba ta kama tasha, ba ta ƙara sauti, na cire ta rediyon bai fasa magana ba. Na gwada ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta, na kai zanen wurin mai gyaran talabijin na layinmu, ya juya shi sama da ƙasa ya ce wanda ya haɗa wannan ko gwani ne ko ya rikice. Daga baya na lura da wayoyi biyu da suka bi ta ƙarƙashin katakon zuwa wani ɗan maɓalli a ɓoye, inda sai ka ɗora rediyon a cinya yatsa zai kai. Wayar ɗaya ta tsinke. Na ɗaure ta ranar Asabar da hantsi, na danna.

Muryarki na ji, Yaya. Saƙon da kika bari a na'urar amsa tarho ta gidanmu ranar da kika sauka can, shekara goma sha tara ke nan. Kina ce wa Baba kin isa lafiya, kina roƙon ya yafe miki tafiyar da kika yi ba da son ransa ba, don Allah ya ɗauki waya. Daƙiƙa ashirin ne kawai. Na zauna riƙe da sukuddireba, na rasa inda zan ajiye shi.

Ni dai ban gane ba. Wannan mutumin ne fa da ya hana a ambace ki a gabansa, wanda in kin bugo sai ya tashi ya fita. Na kai wa Mama, ta saurara sau biyu, ta rantse ba ta taɓa sani ba. Ta ce na'urar amsa tarhon nan da idonta ta ga ya jefar da ita a shara. Ta ce abin da ta sani kawai, bayan la'asar yakan shiga ɗaki da rediyon ya tura ƙofa, ita a zatonta labarai yake ji. Sai ta ce in mayar da murfin in yi shiru, kada in tayar miki da ciwo. Washegari kuma ta ce in rubuto miki, haƙƙinki ne.

To yanzu ban san ko na kyauta ba. Abin da ya ɓoye da hannunsa na tone, ban san ko zai so ki sani ba. Ban san kuma me ya hana shi ɗaukar wayar ba, kuma ba mai ba mu amsa. In kina son rediyon, Kawu zai taho wajenku wata mai zuwa, sai in ba shi. In ba kya so, ki faɗa, ba zan sake tayar da zancen ba. Abu ɗaya na tabbatar: maɓallin nan asali ja ne, na ga fentin a gefensa, amma tsakiyarsa ya goge har ƙarfen ya fito fari.

Mama tana gaishe ki, da Goggo, da Auta da matarsa. Ki gaishe mini da maigidan, ki shafa mini kan takwarata. Ina jiran amsarki, ko da layi ɗaya ne.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai ɓarna