Wa Ke Kawo Ɗan Fari Asibiti?

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Saura kwana goma sha ɗaya in tura wa makaranta taken bincikena, har yanzu takardar fara fat. Dokta Jafaru na sashen tiyata ya ba ni gurbi a aikinsa kan ciwon ƙaba. An riga an tara bayanai, sunana zai fito a mujalla. Kowa cewa yake in kama, wai ƙafa ɗaya ke nan a tiyata. To, ni ruwan ido gare ni. Duk sashen da aka kai mu sai in ce nan zan zauna, da an matsa gaba in manta.

Laraba, 7 ga Agusta

Zaman hutu a Daura ya ishe ni, na bi maƙwabciyarmu Sista Uchechi ƙaramin asibitin da take aiki wajen Mai'adua. Wata mata, Shatu, ta kawo jinjirarta da zazzaɓin kwana ɗaya. Bayanta wata tsohuwa saɓe da yaro ɗan shekara huɗu, tafin hannunsa fari, kwana biyar yana kwance. Ashe shi ma ɗan Shatu ne. Na tambayi Shatu sunansa, ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaron nan dai." Na sake tambaya kamar sakara. Sista ta taka min ƙafa: "Ɗan fari ne, likita, ba ta faɗin sunansa. Ke ba Bahaushiya ba ce?"

Na ji kunya ƙwarai.

Alhamis, 8 ga Agusta

An kawo yaron Daura, an ƙara masa jini. Ya sha kunu.

Lahadi, 11 ga Agusta

Abin ya ƙi barina. Uwa ɗaya, jinjira kwana ɗaya, ɗan fari kwana biyar. Tsohuwar, kakarsa, ta ce min ta je suna garin Babban Mutum, Shatu kuwa ba za ta ɗauko shi da kanta mutane su ce ba ta da alkunya ba, sai ta jira. Gidan ne kawai, ko haka ake ko'ina? Har yanzu? Rajistar asibitin ba ta da wurin rubuta ɗa na nawa ne. Sai dai a bi iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, a kan maganar da suka fi gudu. Ga wahala, kuma ana iya tashi a tutar babu.

Talata, 13 ga Agusta

Dokta Jafaru ya kira. "Adawiyya, mutum uku na jiran gurbin nan." Na ce zuwa Juma'a, ranka ya daɗe.

Juma'a, 16 ga Agusta

Da safe Inna na tankaɗe, na tambaye ta, ni da nake 'yar farinta, ko na taɓa ciwo mai tsanani ina ƙarama. Ta ce ƙyanda. Wa ya kai ni asibiti? Gwaggo Zinariya, a rana ta huɗu.

"Ke fa, Inna?"

Rariya na ta aiki. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ina bayan ƙyaure ina ƙirga numfashinki."

Na shiga ɗaki na yi kuka, ban san na tausayi ne ko na haushi ba.

Bayan an sauko daga masallaci na ba Dokta Jafaru haƙuri, na tura wa makaranta take kan ɗan fari. Ba wai na zaɓi fannin yara ba ne, tambaya ce kawai nake son amsarta. Litinin zan fara hira da iyaye mata. Inna ta ce in rubuta ta a lamba ɗaya, amma kada in sa sunanta.