Faifan Inna Mai Hoton Jirgi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na dame ka, na san aiki ya sha maka kai, da da wani wanda zan kai wa kukana da ban ɗauki alƙalami ba. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdu lillahi, gwiwata ce dai take taɓa ni, Goggo kuma ta fara fitowa tsakar gida.

Auta, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Ranar da na raka Goggo asibiti, wasu samari da 'yan mata suka zo da mota, wai ƙungiyar masoya fim ce, suna tara faya-fayai suna kai wa ɗakunan karatu na ƙauyuka. Suka ce wa maigidana kai ka ba su izini ta waya su kwashe kwalayen faya-fayan da marigayi Yaya ya bari bayan ya rufe shagonsa na hayar fim. Ya buɗe musu ɗakin da aka ajiye su. Na dawo na tarar da ɗaki wayam, sai shatin kwalaye a siminti.

Ban ce aikinsu laifi ba ne, Allah ya ga zuciyata. Yaran ƙauye su ma su kalla, ladan ya kai wa Yaya. Amma ni da nake share ɗakin nan tun rasuwarsa, ashe ban isa a tambaye ni ba?

To bari ka ji abin da ka bayar. Ka tuna faifan da Yaya ya ɗauki Inna kafin jinyarta ta ƙarshe? Tana ɗakinta ba ɗankwali, ina yi mata kitso, tana ba da labarin iyayenta tana dariya har da hawaye. Da yake ba ta karanta boko, sai Yaya ya cire faifan wani fim mai hoton jirgin ruwa a bango, ya sa nata a gidan faifan don ta riƙa gane shi. In ta ce "ku sa min mai jirgi," kanta take son gani. Sai da ta sa na yi mata alƙawari idon bare ba zai gan shi ba. Kuma muryarta ke nan da ta rage mana a duniya.

Na bi su har shagon da suke taruwa a bayan tasha. Shugabansu mai ladabi ne, har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce ba sa buɗewa su duba, hoton bango suke bi, su buga hatimi, su raba. Wai har murna ya yi da ya ga mai jirgi, don mutane suna son fim ɗin. Bai san ƙauyen da aka sauke shi ba, sai wanda ya tuƙa motar, abokin nan naka mai gilashi, shi kuwa ba ya ɗaukar wayata. Ya kuma ce duk Asabar ake shimfiɗa tabarmi a ɗakunan karatun, a kunna wa jama'a, maza da mata.

Inna ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba mayafi. Yau tana kabarinta, autanta ya fitar da ita kai buɗe gaban mutanen da ba ta sani ba. Na san ba da nufi ka yi ba, amma rashin nufinka ba zai rufe mata kai ba. Ka kira abokinka ya faɗi ƙauyen. Ko ina ne zan ja gwiwar nan in je in karɓo da hannuna. Sauran su riƙe, na bar musu har ga Allah.

Ban gaya wa Goggo ba, don na san jininta zai hau, kai ma kada ka faɗa mata. Tana gaishe ka, maigidana ma haka, ko da yake kunya ta hana shi haɗa ido da ni. Ka gaida maman yara, da Baba Ƙarami, da takwarar Inna.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin Asabar.

Yayarka.